Kifin da Na Goge a Gindin Buta

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Wannan littafin rubutu ma ya yi damina uku a ƙarƙashin katifata, har gefensa ya fara yin ja. Abu biyu ne suka riƙe ni. Na farko, karatuna bai wuce firamare ba, ina jin kunyar masu ilmi su ga rubutuna. Na biyu kuwa, labarin ba na yabon kai ba ne. A unguwarmu Mandawari, cikin birnin Kano, an san ni da Garba maƙeri wanda ya je Amurka. In an tambaye ni labarin dogayen benaye da ƙanƙara nakan bayar, a yi dariya a watse. Wannan ɓangaren ne ban taɓa ba kowa ba, har mai ɗakina.

Da soja suka sake miƙa mulki bana, ina zaune a maƙera ina jin rediyo, sai na tuna cewa a farkon mulkin farar hula na baya na yi wannan tafiya. Shekara ashirin ke nan ba kaɗan. Mutanen da nake jin nauyinsu kuwa tun a lokacin tsofaffi ne. Ranar ban iya ƙarasa aikin da ke hannuna ba.

Ni maƙerin fari ne, wato mai aikin jan ƙarfe da tagulla da azurfa, ba mai fartanya da gatari ba. Wani dillalin kayan gargajiya a kasuwar Kurmi, Alhaji Ɗanlami, shi ya ɗauke ni. Ya ce Turawa ba sa sayen tire sai sun ga hannun da ya ƙera shi, don haka aikina shi ne in zauna a gabansu ina bugu. Ba zan tsaya kan yadda aka yi fasfo da yadda aka yi sallama ba.

Wata biyun farko a cikin mota muka yi su, daga wannan kasuwar baje koli zuwa waccan. Alhaji yakan sa mini babbar riga da dogon hula, irin shigar da babu maƙerin da zai zauna gaban wuta da ita, ya shimfiɗa mini tabarma, in yi ta ƙwanƙwasa faranti ɗaya tun safe har la'asar. Tirorin da yake sayarwa kuwa daga kwali suke fitowa, aikin inji ne na wata ƙasa, ko Kano ba su taɓa gani ba. Ina jinsa yana nuna ni yana cewa ni na yi. Abin ya tsaya mini a rai. In na yi salla sai in yi ta tunani, shin ina da kaso a zunubin ko ba ni da shi, tunda ba bakina ne ya faɗa ba, amma ai da zamana ake yin ƙaryar.

Wata rana wata Baturiya ta ɗauki tire ta tsuguna a gabana, ta nuna shi, ta nuna ni. Na girgiza kai. Ta ajiye ta yi gaba.

Da ta yi nisa Alhaji ya juyo. Ya ce, "Kai, wa ya ce ka yi magana?"

Na ce, "Ban yi magana ba, Alhaji. Kai na girgiza."

Ya ce, "To kan naka ma ban ɗauko shi daga Kano don girgizawa ba."

Bayan mako guda muka isa wani babban birni na masana'antar motoci a jihar Mishigan. Ya sauke ni a wani masauki, ya ce zai je tashar jirgin ruwa ya karɓo kaya, kwana biyu zai yi. Ya bar mini fasfona da jakar kayan aikina, ya tafi da tikitina na komawa gida, wai kada ya ɓata a hannuna. Kwana tara ina leƙen taga. Duk farar motar da ta tsaya sai na sauko da gudu. Ran na goma mai masaukin ya fito mini da jakata waje, ba faɗa, ba zagi, ya dai nuna mini titi.

Ranar Juma'a ce, Allah ya taimake ni. Na ga wasu mutum biyu da farar hula suna sauri, na bi bayansu ba tare da na san inda za su ba. Suka shiga wani tsohon kanti da aka mayar masallaci. Larabawan Yaman ne da baƙaƙen fatar ƙasar. Bayan salla kowa ya watse, ni ban tashi ba, don ba ni da inda zan je. Wani dattijo mai kantin kayan miya a gefen masallacin ya lura da ni. Ba ya jin Hausa, ba na jin Larabci sai na salla, amma ya ja hannuna ya kai ni kantinsa ya zuba mini shayi. A kan teburin kantin na hangi tsamiya a ƙulle cikin leda. Ban san lokacin da na ɗauka na kai hanci ba. Sai ga ni a tsakar gidanmu, mahaifiyata tana dama kunu. Dattijon ya ga idona, ya tura mini ƙullin, ya ɗaga hannu alamar in bar shi. Ban sha ba. Na sa a ƙasan jaka, in abin ya dame ni in fito da ita in shinshina in mayar.

Mako uku na yi ina share masallacin ina kwana a ɗakin ajiya. A nan aka haɗa ni da Malam Lawal, wani malamin makaranta Bazazzagi da ya zo ƙaro karatu. Da ya ji daga inda nake sai ya tuntsire da dariya.

"Ashe bawana ne ya ɓata. Ku Kanawa har ƙarshen duniya sai kun je talla."

Na ce, "Malam, yau kam na yarda ni bawan ne, in dai za ka nuna mini hanya."

Ya daina dariyar. Ya ce akwai wani Bature da ya koyar da shi a sakandare, ya kuma yi shekaru yana koyarwa a wani gari a ƙasar Kano, ɗalibai na kiransa Malam Dogo. Yanzu ya koma garinsu a arewa, bakin tafki, yana da jirgin ruwa, kuma kullum yana kukan ba shi da mai aikin ƙarfe. Ya buga masa waya a gabana. Washegari ya sa ni a bas, ya rubuta sunan garin a takarda ya ce in nuna wa direba.

Ni babban ruwan da na sani shi ne na madatsar Tiga. Da bas ta fito daga cikin itatuwa na ga wannan, sai na ɗauka teku ce, don babu ɗaya gaɓar, ruwa ne har inda sama ta sauko. Tafki ne, Huron suke ce masa. Abin da na fara yi da na sauka shi ne na tsuguna na ɗanɗana. Babu gishiri, ga sanyi kamar ya tsinke haƙori. Ina nan tsugune na ji murya a bayana.

"Sannu da zuwa, Bakano. Ina gajiya? Yaya ka baro Kurmi, har yanzu ana cutar baƙi?"

Na waiwaya na ga wani dogon tsoho, jan fuska, farin gashi. Wata uku rabona da in ji an gaishe ni yadda ake gaisuwa, in ban da Malam Lawal. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma ɗan Kurmi ne ya cuce ni."

Ya ce, "To ka ga an yi adalci, ba baƙi kaɗai ba."

Ga yadda aikin yake, kamar yadda ya bayyana mini. A zamanin da, jiragen ruwa masu yawa sun bi ta wannan tafki ɗauke da katako da alkama da tama, guguwa ta nutsar da wasunsu. Da yake ruwan ba gishiri kuma ga sanyi, katako ba ya ruɓewa, jiragen suna nan a ƙasa kusan yadda suka sauka. Mutane kan zo daga nesa, su goya tukunyar iska a baya, su nutsa su kalla. Da can kowa ya sauka sai ya ɓallo abin da hannunsa ya kai, wannan fitila, wancan ƙararrawa, har aka kusa yi wa jiragen tsirara. Ba a daɗe ba kafin zuwana aka yi doka, aka keɓe wurin, aka ce ko ƙusa kada a ɗauka. Malam Dogo na cikin waɗanda suka yi ta fama har aka yi dokar. Ko ƙugiyar tsayar da jirgi ba a yarda a jefa ba, kada ta faɗa kan tsohon katako ta farfasa. Sai aka sa manyan ganguna suna yawo a kan ruwa, an ɗaure su da sarƙa a ƙasa, duk jirgin da ya kawo masu nutso a jikinsu zai ɗaure. Gyaran waɗannan sarƙoƙi da maɗauransu shi ne aikina, sai cika tukwanen iska, sai duba jakar kowa in ya fito.

Ban taɓa nutsawa ba, ko da wasa. Amma wata rana Malam Dogo ya tsaya a kan wani jirgi da bai yi zurfi ba, ya ba ni bokiti mai gindin gilashi ya ce in leƙa. Na ga haƙarƙarin jirgi a jere, na ga sitiyarinsa a tsaye, kifi na shiga yana fita.

Na ce, "Malam, mutanen fa?"

Ya ce, "Wasu an same su. Wasu suna ciki."

Na ce, "Ashe maƙabarta ce."

Ya ce, "Shi ya sa muke duba jaka."

Daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya a kan ruwan ba. Ina tunanin ko alwala ta halatta da ruwan da ke kan kabari. Ina tunanin ko daidai ne in ci abinci a kan jirgi alhali akwai mutane a ƙarƙashina. Na daina tofar da yawu a tafkin. In masu nutso suna shewa bayan sun fito sai in ji kamar ni ake jin kunya. Malam Dogo yakan ce, "Sarkin Maƙera, kai ko babu abin damuwa sai ka ƙera shi."

A cikin jiragen akwai wanda ba a san sunansa ba, don gaban da aka rubuta sunan ya farfashe. Ni da Malam Dogo muna ce masa Marar Suna. Saboda shi na san Iya Marta. Tsohuwa ce ƙarama, ta haura saba'in, gidanta na kallon tashar jiragen ruwa. Duk ranar Alhamis takan sauko da tukunyar miyar kifi da burodi, don ta ji an ce ba na cin namansu. Da ta ga ina rawar sanyi cikin rigar shadda sai ta kawo mini kwat ɗin mijinta marigayi, ta sa ni tsaye ta naɗe hannun da kanta ta ɗinke. Kalmar Hausa ɗaya ta koya, sannu, da ita take gaisuwa, da ita take sallama. Ni kuma ina ce mata Iya.

Mahaifinta kuku ne a wani jirgin alkama. Ya fita a ƙarshen wata kaka, lokacin Iya tana goye, guguwa ta tashi, ba a ƙara ganin jirgin ba. Ita a ranta ta sa Marar Suna ne, don girmansa da inda ya kwanta sun yi daidai, amma babu shaida. Duk wanda ya nutsa can ya fito sai ta tare shi da tambaya. Sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya rufe tafki, Malam Dogo kan kai ta wurin ta zuba furanni a ruwa.

A wannan shekarar hukumar da ke kula da wurin ta yi shela cewa duk wanda ya taɓa ɗaukar wani abu kafin doka ya dawo da shi, ba za a tambaye shi komai ba. Wata safiya muka tarar da kwali a ƙofar rumfarmu. A ciki akwai butar shayi ta jan ƙarfe, babba, irin ta dafa wa mutane da yawa, da 'yar takarda ba sa hannu, an rubuta cewa daga ɗakin girkin Marar Suna aka ɗauko ta. Ta yi kore shar, ta loɓa a gefe biyu, gindinta ya yi ɓawo kamar bayan kunkuru. Malam Dogo ya ɗauke ta a hankali. Ya cika baho da ruwan tafki ya nutsa ta a ciki. Ya ce zai tafi babban birnin jihar ya zo da jami'in hukuma, sai Alhamis zai dawo, ranar za a nuna wa Iya.

"Kada kowa ya ɗauke ta daga rumfar nan, Garba."

Na ce, "Ba mai ɗauka."

Ba wanda ya ɗauka kuwa. Amma kwana ɗaya na yi ina zagaya bahon. Ni dai a sanina ruwa ne ke cin ƙarfe, ga shi an ƙara tsoma ta a ruwa. Kuma a gidanmu ba a miƙa wa babba ƙwarya da datti, balle kayan mahaifinsa. Na dubi kwat ɗin da ke jikina. Matar nan ta ciyar da ni, ta tufatar da ni, ni ba ni da abin da zan ba ta sai hannuna. Na ce a raina, Malam Dogo malamin makaranta ne, bai san ƙarfe ba. Bari ya dawo ya ga aikin Kano.

Na fito da tsamiyar nan da na yi wata da watanni ina adanawa, na jiƙa ta. Na samo toka da yashi mai laushi. Na hura wuta na gasa butar don ƙarfen ya yi taushi, na buge loɓawar daga ciki a hankali, na liƙe wata 'yar huda da dalma. Na dirje ta da tsamiya da toka har jan ya fara fitowa. Tunda na bar gida ban ji daɗi irin na wannan yini biyu ba. Har waƙa na yi.

Da ɓawon gindin ya fita sai ga zane. Kifi ne, an yi shi da tsinin wuƙa ko ƙusa, bakinsa a buɗe, da ratsi uku a wutsiya. Na tsaya na kalle shi sosai. Hannun ba na maƙeri ba ne, amma kifin na da rai. A wurinmu mata kan yi wa tasoshinsu irin wannan alama saboda biki, kada kaya su cakuɗe. In tasa ta canja hannu aka kawo ta gyara, abu na farko da maƙeri zai yi shi ne ya goge alamar mai ita na da, don kada wata rana a yi rigima. Haka mahaifina ya koya mini, haka na yi sau ɗari. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma ji akwai abin shawara ba. Na ɗauki magagari na bi ta kansa har gindin ya yi sumul, ina ganin fuskata a ciki.

Ranar Alhamis suka shigo su uku, Malam Dogo da Iya Marta da jami'in, wani mai kaki da littafi a hannu. Malam Dogo ya nufi baho ya ga wayam. Kafin ya yi magana na fito da butar a naɗe cikin farin ƙyalle, na durƙusa na buɗe a gaban Iya.

Ina jiran a yi murmushi, ba a yi ba.

Malam Dogo ya ce, "Garba, me ka yi?"

Na ce, "Gyarawa na yi, Malam."

Ya nemi akwati ya zauna, ya dafe kai. Can ya ce, a hankali, "Wannan koren da ka cire, shi muke so. Akwai masu sanin yadda ake ɗaga shi kaɗan-kaɗan su karanta abin da ke ƙasa. Ruwan kuma don kada iska ta taɓa ta ne."

Jami'in ya fara magana da ƙarfi. Turancina kaɗan ne, amma na tsinci kalmar doka, na tsinci ɗan sanda, na tsinci takardu. Izinin zamana kuwa ya ƙare tun wata guda da ya wuce, na sani, Malam Dogo ya sani. Na ga kaina a kurkukun ƙasar da ba wanda zai kawo mini ko ruwan alwala, na ga labari ya isa Mandawari cewa an kama Garba da ɓarna.

Iya Marta ba ta kula su ba. Ta ɗauki butar ta kifa ta a cinya, tana shafa gindin da babban yatsa. Ta yi magana, Malam Dogo ya fassara.

"Tana tambaya, da ka wanke, ka ga wani zane ko rubutu a nan?"

Na dubi jami'in. Ya buɗe littafi, biro na kan takarda. Na lissafa a raina cewa wanke datti kuskure ne, goge shaida kuwa laifi ne.

Na ce, "Babu komai, Malam. Tsatsa ce kawai."

Ya dube ni. "Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ban rantse ba. Shekara ashirin ina riƙe da wannan, wai ai ban rantse ba, kamar wani abu ne. Ni ne fa mutumin da ya girgiza kai a gaban Alhaji Ɗanlami saboda tiren da bai shafi ran kowa ba.

Malam Dogo ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa. Ya ce shi ne bai yi mini bayani ba, shi ya bar kayan tarihi a hannun wanda bai san dokar ba. Suka daɗe suna magana a waje. A ƙarshe jami'in ya tafi da butar, bai tambayi takarduna ba.

Na ɗauka Iya ba za ta ƙara zuwa ba. Alhamis ta zagayo sai ga ta da tukunyar miya. Ta ce sannu. Ta sa Malam Dogo ya gaya mini kada in damu, ta san alheri na nufa, kuma ba ta taɓa ganin buta mai kyau kamar wannan ba. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da wani tsohon cokali ta sa mini a tafin hannu, ta juya bayansa. Kifi, baki a buɗe, ratsi uku a wutsiya.

Malam Dogo ya ce, "Ta ce na mahaifinta ne. Mahaifiyarta ta gaya mata ba ya mallakar abu bai zana masa wannan ba, ko wuƙa, ko akwati. Ta ce da butarsa ce da ka gani, don ba ya mantawa. Saboda haka ka ma taimake ta. Yanzu ta san ba jirginsu ba ne."

Cokalin na hannuna. Jami'i ba ya nan, babu littafi, babu biro. Abin da ya rage kawai in buɗe baki. Na buɗe kuwa, sai na ji kaina ina cewa zanen ya yi kyau. Na miƙa mata kayanta. Na sha miyar, don tana tsaye tana kallona.

Da lokacin zuba furanni ya zo, Malam Dogo ya je ɗaukarta. Ya dawo shi kaɗai. Ta ce a bar shi, ta gaji da damun mutanen da ba nata ba. Ta ci gaba da kawo miya, amma ta daina tare masu nutso. Sau biyu na taka har ƙofar gidanta, na tsara Turancin da zan yi, na juyo. Na ce sai gobe. Na ce sai ranar da Malam Dogo ke cikin raha. Na rame har ya fara tambaya ko ciwo nake yi.

Da ƙanƙara ta fara kama bakin tafki aiki ya tsaya. Malam Dogo da wasu mutanen garin suka haɗu suka yi mini tikitin gida, Iya na cikinsu. Shi ya raka ni tashar bas. Ya rubuta adireshinsa ya sa mini a aljihun kwat.

Ya ce, "Sarkin Maƙera, ka gai da Kano. In ka tuna wani abu, ka rubuto. Ko da Hausa ne, ni zan fassara."

Na ce, "Wane abu, Malam?"

Ya ce, "Kowane ne."

Har yau ban san ko ya sani ba. Wani lokaci in ce ya sani, yana jira ne in faɗa da kaina. Wani lokaci in ce sallama ce kawai.

Shekara bakwai na yi kafin in rubuta. Wasiƙar ta yi wata huɗu ta dawo mini a rufe, da hatimi a kanta. Na sake aikawa, ta sake dawowa. Na je Zariya neman Malam Lawal, ban san sunan mahaifinsa ba, ban san unguwarsu ba, aka yi ta nuna mini Lawal-Lawal har na gaji. Na sami wani malami a unguwar Madabo na ba shi labarin a dunƙule, kamar na wani ne. Ya ce wannan haƙƙin mutum ne, istigfari kaɗai ba ya sauke shi, sai an mayar wa mai shi ko magadansa. Na ce in abin ba kaya ba ne fa, magana ce? Ya ce to maganar za a mayar.

Na yanki fallen jan ƙarfe na zana kifin. Na yi ya fi sau goma ina narkarwa, sai da hannuna ya yarda cewa shi ne. Yana nan a naɗe.

Iya Marta, in da rai, ta kusa ɗari, ban sa rai ba. Amma tana da 'ya mace da ke aikin jinya a wani gari, da jikoki, na ga hotunansu. Jirgin kuma yana nan inda yake, tunda doka ta hana a taɓa shi, ana kai mutane suna kallonsa ba suna.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa. In ka yi makaranta a ƙasar Kano a hannun wani dogon Bature da ake kira Malam Dogo, mai yawan tsokana, kuma ka san inda yake ko inda iyalinsa suke, ka taimake ni. In ka san Malam Lawal Bazazzagi da ya yi karatu a Mishigan a farkon wancan mulkin farar hula, ka gaya masa bawansa na nemansa. In kana da ɗa ko ƙane da ke zaune a wannan jiha, wanda zai iya shiga bas ya je bakin tafki, sunan garin da tsohon adireshin suna wurina, ban sa su a nan ba don ban nemi izinin masu su ba. A zo Mandawari a tambayi maƙerar Garba, kowa zai nuna. In an tarar ba ni, na bar wa mai ɗakina fallen da wannan littafi, yau zan karanta mata shi.

Saƙon ba shi da tsawo, ko a waya za a iya faɗa. A gaya wa jikokin Iya Marta, a gaya wa hukumar da ke kula da jiragen, cewa akwai kifi a gindin butar Marar Suna, bakinsa a buɗe, da ratsi uku a wutsiya. Na gan shi da idona kafin in sa magagari. Kakansu yana nan inda take zuba furanni.